Kaka ta yi, amma ina mai keke zai bi a Kaduna?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Amma don Allah kafin ka rubuta min "Allah Ya kyauta" ka wuce, daure ka karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya da safe, wajen ƙarfe bakwai saura, ina kan kekena a titin Ali Akilu na nufi wajen aiki. A gabana akwai wani dattijo shi ma a kan keke, irin tsohon Phoenix ɗin nan mai sanda, ya ɗaure kwanon abincinsa a kariya da roba. Ya raɓe can gefen titi, har tayarsa na neman gogar bakin lambatu. Sai ga wata baƙar jif ta taho a guje tana zabga hon. Madubinta ya doki kafaɗarsa, ya yi tangal-tangal ya zube. Allah Ya taimaka bai faɗo ta ɓangaren motoci ba. Kwano ya buɗe, abinci ya watse, gwiwa ta goge har jini. Mai motar ya rage gudu ya sauke gilashi, na ɗauka haƙuri zai bayar. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Baba, titin nan na keke ne?" Ya ɗaga gilashinsa ya yi gaba.

Ni da wani mai shayi muka ɗaga shi. Wallahi abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda dattijon ya dinga ba MU haƙuri, wai laifinsa ne da ya hau babban titi. Mutum mai furfura, wanda a haife ya haifi mai jif ɗin, ya yarda a ransa cewa shi baƙo ne a kan titin garinsu. Na ce masa, "Baba, ba ka da laifin komai." Ya yi murmushi kawai ya gyara kacar kekensa da ta zame.

To tambayar mai jif ɗin ce ta zaunar da ni na yi wannan rubutu. Titin na waye?

Bari in fara da lokacin da muke ciki. Duk shekara Kaduna tana samun 'yan makonni da babu kamarsu, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe, amma ciyawa ba ta gama ƙonewa ba. Hazo da ƙurar hunturu ba su kankama ba, zafin bazara kuwa sai Maris da Afrilu. Ka fito bayan sallar asuba ka ji iska mai sanyi-sanyi, sama garau, raɓa a kan ganye. Ga sabuwar gyaɗa, ga dankali, ga rake ya fara shigowa. Wannan ita ce kaka. Kakanninmu sun san darajarta. Da an kai amfanin gona gida sai a buɗe fagen dambe da kokawa, a yi kalankuwa, yara su yi langa da dare a dandali. Bahaushe bai taɓa ɗaukar kaka a matsayin lokacin zaman ɗaki ba. Lokacin fita ne, a motsa jiki, a ga juna.

Yau mu 'yan birni me muke yi da ita? Muna kallonta ta gilashin mota ko ta labulen Napep. Yara suna ɗaki a kan waya, iyaye suna majalisa a kan benci ana gardamar siyasa, tumbi na ƙara fitowa. Kafin mu farga Disamba ta shigo, ƙura ta tashi, masu asma sun fara neman magani, shi ke nan sai baɗi. Kuma ba lalaci kaɗai ya jawo haka ba. An gina mana gari ne ta yadda wanda ba ya cikin mota ba shi da wuri.

Wanda ya haura shekara 40 a garin nan ya san ba haka abin yake ba a da. Keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da kekensa, ma'aikacin reluwe da kekensa, masinja da kekensa, ma'aikatan masaƙun Kakuri da yawa a kan keke suke tsallaka gada. Raleigh har masana'anta gare shi a Kano. Zamanin En'e keke har lasin ake yanka masa, wato hukuma ta san da shi a matsayin abin hawa mai haƙƙi a kan titi. Ango yakan wanke kekensa ya goge da tsumma, ya ɗaura masa madubi da ƙararrawa. Mu kuma da muka taso daga baya, wa zai manta da hayar keke? Ka tara kuɗin tara na makaranta, ka je wajen mai haya ya duba agogo ya ba ka minti goma sha biyar, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ba ka kai sirdi ba, ka faɗi ka tashi, ka dawo a makare ya riƙe maka takalmi. A haka dubban yaran Unguwar Shanu, Unguwar Kanawa, Abakwa da Tudun Wada suka koyi keke.

Sai kuɗin mai ya shigo. Aka yi rabon Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka koma babur. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, Kaduna ta zama garin fijo. Babu laifi a wannan, ci gaba ne. Inda muka yi kuskure shi ne da muka ɗauka cewa hawa mota yana nufin raina abin da ka sauka daga kai. Sannu a hankali keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Abin ya kai har sunan ma an ƙwace masa. Yau in ka ce wa yaro a Kawo "je ka hau keke", bakin titi zai je ya tsayar da Napep.

Ana nan sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1,000. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Kekunan da suka shekara goma a rataye a zaure aka sauko da su. Masu faci da masu gyaran keke da suka kusa barin sana'a suka dawo da kwanon ruwansu da famfo. Ka tsaya a Kawo ko Unguwar Sarki da sassafe ka ƙirga da idonka: masu gadi, leburori, ɗalibai, malaman Islamiyya, har da ma'aikatan ofis da takalmi sau-ciki. Waɗannan mutane ba wasa suka fito yi ba, lissafi suka yi. A ce kuɗin motarka zuwa da dawowa naira 1,000 ne a rana. Kwana 20 na aiki a wata, naira 20,000 ke nan. A shekara 240,000. Albashi mafi ƙaranci da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato mai ƙaramin albashi zai iya ƙone fiye da albashin wata uku a shekara a kan titi kawai. Wanda ya ga haka ya sayi keke na hannu, shi ne wawa ko mu da muke masa dariya?

Yanzu mu zo kan titunan. Ni ba na cikin masu cewa ba a yi aiki a Kaduna ba. Shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya canza fuskar garin. An faɗaɗa tituna, an sa fitilu, an sake gadar sama ta Kawo, an gyara Dandalin Murtala, Shugaba Buhari ya zo a Janairun 2022 ya buɗe wasu daga ciki. Duk wanda ya san cunkoson Kawo na da ya san an samu sauƙi. Na yaba, kuma har gobe ina yabawa. Amma tambayata ɗaya ce ga injiniyoyin da suka zana, da waɗanda suka gaje su a yau: ku nuna min hanyar da mai keke zai bi daga Kawo har Kasuwar Sheikh Gumi, a layinsa, ba tare da ya yi kafaɗa da kafaɗa da tifa ba. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba. Mai keke da ba ya sauri zai yi ta cikin minti 40. Garin ba duwatsu gare shi ba, hawa da gangarensa masu sauƙi ne. Allah Ya ba mu gari shimfiɗaɗɗe da ya dace da keke, mu kuma muka zana shi kamar kowa jif gare shi.

Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: titi in ya yi faɗi ya yi santsi, gudu yake ƙaruwa. Titin da a da ramuka suke tilasta wa direba ya taka birki, yanzu ya zama filin tsere. Ga mai mota wannan daɗi ne. Ga mai keke, da tsohuwar da za ta tsallaka, da yaron da aka aika sayen kalanzir, haɗari ne ya ƙaru. Bishiyoyin da suke ba mai tafiya inuwa da yawa sun tafi a wajen faɗaɗawa, waɗanda aka dasa kuma sai an jira su. Gefen da aka yi domin masu tafiya a ƙasa, je ka gani: nan an faka mota, can an kafa teburin kaya, gaba an ajiye janareto, gaba kuma ɗan acaba ya hau kai yana maka hon ka kauce. Tun 2014 aka yi dokar hana acaba a cikin birnin Kaduna, amma kowa ya san abin da idonsa yake gani.

Sai maganar wurin shaƙatawa. A wannan ɓangaren na kogi muke da filin folo, wanda ya haura shekara 100, inda manya suke haɗuwa gasar kofin Georgian. Muna da filin golf, kore shar. Ban ce a taɓa su ba, ban kuma ce a hana mai doki dokinsa ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ɗan mai gadi a Badarawa ba zai shiga can ya koyi keke ba. Dandalin Murtala yana taimakawa ƙwarai, duk wanda ya je da safiyar Asabar ya ga jama'a maza da mata suna atisaye zai ji daɗi. Sai dai dandali ɗaya ba zai ɗauki Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Dosa, Hayin Banki, Rafin Guza, Kabala, Kurmin Mashi, Rigasa da Mando ba. Kuma yaya yaron Rafin Guza zai kai kansa can a kan keke ya dawo lafiya? Ƙofar Gamji, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina, yana nan a bakin kogi da tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Da yawanmu can aka kai mu yawon salla muna yara. Garuruwa nawa ne a Arewa suke da kogi irin wannan a tsakiyarsu? A wasu ƙasashen bakin kogi shi ne wuri mafi daraja, a nan ake shimfiɗa hanyar keke da ta masu tattaki. Mu kuwa mun juya wa namu baya, mun mai da gefensa wurin zubar da shara, ba ma tunawa da shi sai ya yi ambaliya.

Filayen unguwa fa? Kowa a nan ya tuna filin da ya buga ƙwallo yana yaro, sannan ya je ya duba abin da yake wurin yau. In ba filaza ba, to gidan mai ne ko shaguna. Daga nan sai mu dawo Facebook muna kukan yara sun lalace, sun koma shaye-shaye da ƙwacen waya. Ka toshe wa yaro duk inda zai ƙone ƙarfinsa, sannan ka yi mamakin inda ya kai shi?

Na san abin da za a rubuta min a ƙasa, don haka bari in amsa tun yanzu.

Wani zai ce, "Malam, mutane na fama da yunwa kai kana maganar keke." Ɗan'uwa, maganar yunwar nake yi. Naira 20,000 da mutum zai tsira da ita a wata ai kwanon masara ne da kuɗin makaranta. Dattijon da aka buge shekaranjiya ba don nishaɗi ya hau keke ba. Idan da ƙafarsa ta karye, gidansa ne zai kwana da yunwa. Kare mai keke kare abincin talaka ne.

Wani zai ce, "Wannan tunanin Turawa ne." To mu bar Turawa tukuna. A Kigali ta Ruwanda tun 2016 ake rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi domin masu keke da masu tattaki, har Shugaba Paul Kagame yakan fito. Adis Ababa ta bi sahu a ƙarshen 2018. A Burkina Faso, maƙwabtanmu na Sahel da suka fi mu zafin rana, keke abin hawan kowa ne, maza da mata, kuma tun 1987 suke gasar tseren keke ta ƙasa da ake kira Tour du Faso, wadda ake yi daidai irin wannan lokaci na kaka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya tafi gida da koriyar riga. A shekarar dai Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Faris, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani ɓangare na gasar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin keke a wajenmu. Can kuma a Bogota ta Kolombiya, garin da ya sha fama da matsalar tsaro fiye da yadda muke zato, tun 1974 suka fara rufe tituna ranar Lahadi, yau abin ya haura kilomita 100. Su ma mutanen Holan da ake misali da su ba da keke aka haife su ba. A farkon shekarun 1970 motoci sun cika musu gari suna kashe yara, iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga matsalar mai ta 1973, gwamnati ta canza tunani. Yau kekunansu sun fi mutanensu yawa, kuma Mark Rutte da ya yi shekara kusan 14 yana firaminista, a kan keke ya bar ofis a 2024. Tsadar mai ce ta farkar da su. Mu tamu tsadar man me ta koya mana?

Wani zai tuna min da marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri na zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke har wata mota ta ture shi a Abuja, aka yi ta masa dariya. Na tuna. Amma darasin da ke cikin labarin ba shi ne keke wauta ba ne. Darasin shi ne ko minista ne kai, in babu layinka a titi za a ture ka. Ya kira mutane su hau keke kafin a yi musu hanya. Shekara sama da 20 ke nan, har yau ba a yi hanyar ba, dariyar kawai muka riƙe.

Wani zai ce tsaro. Gaskiya ne, ba zan ce wa kowa ya ɗauki keke ya nufi dajin hanyar Birnin Gwari ba, kuma ba zan ce ka fito kai kaɗai da duhun asuba da waya a hannu ba. Amma a cikin gari, titin da babu kowa shi ɓarawo yake so. Titin da mutum 300 suke tafiya a kai, da yara da iyaye da masu sayar da ƙosai, ya fi ƙarfin mai ƙwacen waya. Kuma mun gwada mun gani. A Nuwamban 2020 an rufe titunan garin nan an yi gudun fanfalaki na Kaduna, baƙi suka zo har daga ƙasashen waje, aka tashi lafiya. Duk lokacin da babban baƙo zai zo ana rufe titi na awoyi, mu yi ta jira a rana ba mai cewa uffan. Ashe ana iya rufewa. Abin da ya rage shi ne a rufe sau ɗaya domin mu.

Wata kuma za ta ce, "Mu mata fa?" Hajiya, tambayarki tana kan hanya. Hawan jini da ciwon suga ba su san mace ko namiji ba, kuma iyayenmu mata su suka fi zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba dole sai a kan keke ba. Titin da aka rufe wa motoci, mace za ta yi tattakinta da hijabinta ita da ƙawayenta, 'yarta ƙarama na gaba a kan ɗan kekenta, babu mai mata hon, babu mai watsa mata ruwan kwata. Wanda yake ganin bai dace matarsa ta fita ba, wannan tsakaninsa da gidansa ne. Amma kada ya hana wa matan wasu wurin da za su taka ƙafa cikin mutunci.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu keke, don kar a ce na ɗauki ɓangare. Wallahi mu ma muna da namu. Mutum ya hau keke da dare babu fitila, babu ko ɗan abin ƙyalli a baya, sanye da baƙar riga, sannan ya ce direba bai gan shi ba. Wani ya bi hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci. Wani birkinsa silifas ne. Wani ya ɗauko goyon yara biyu da buhu. Wani danja ta tsayar da kowa shi ya ratsa, wai ai keke ne. In muna so a ɗauke mu masu haƙƙi a titi, sai mu bi dokar titi. Fitilar keke ba ta kai kuɗin katin waya na mako ba.

Sannan 'yan'uwana masu kekunan gayu, waɗanda suke fitowa ranar Asabar da hular kwano da matsattsun kaya da gilashi, wani lokaci har da mota tana bin su a baya. Ina jin daɗin ganinku, kuna sa yara sha'awar keke. Amma ku ne kuke da lambar wayar kwamishinoni, ku ne ake saurara. Kada ku tsaya a ɗaukar hoto. Ranar Litinin in kun koma cikin jif, ku tuna mutumin da kuke matse wa a gefen titi ɗan ƙungiyarku ne, bambancin kawai shi ba shi da zaɓi.

To me nake nema? Ba jirgin ƙasa na ce a saya ba. Abubuwa biyar ne, kuma ina roƙon duk wanda yake da hanyar isar da su ga Gwamna Uba Sani, da shugaban ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, da 'yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall, ya isar.

Na ɗaya, a ware safiyar Asabar ɗaya a kowane wata, daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30, a rufe hanya ɗaya, misali daga shataletalen Lugard Hall zuwa Dandalin Murtala, domin masu keke, masu tattaki da yara. Na ce Asabar ne don kada a takura wa masu zuwa coci ranar Lahadi ko masu zuwa masallaci ranar Juma'a. A fara a wannan kakar a gwada sau biyu. In bai yi amfani ba a daina, ni ma zan zo nan in ce na yi kuskure.

Na biyu, a fitar da layin keke a titin Ali Akilu da Ahmadu Bello Way, da fenti da 'yan turaku masu raba shi da motoci. Fenti kaɗai ba zai yi ba, mun san halin direbobinmu. Kuma duk sabon titin da KADRA za ta bayar nan gaba, a sa layin keke tun a zane.

Na uku, KASTLEA ta ɗauki faka mota a kan hanyar masu tafiya a ƙasa da muhimmancin da take ɗaukar sauran laifuffukan titi. Masu kasa kaya kuma a nema musu wuri kafin a tashe su, su ma abinci suke nema.

Na huɗu, a kafa wurin ɗaure keke mai tsaro a Kasuwar Sheikh Gumi, kasuwar Kawo, sakatariya, KASU, Kaduna Poly da manyan makarantun sakandare. Mutane da yawa tsoron sata ne ya hana su fitowa da keke. Wannan ba sai an kawo ɗan kwangila daga waje ba, maƙeran Fanteka za su haɗa shi cikin mako guda.

Na biyar, KASUPDA ta fitar da jerin filayen wasa da suka rage a kowace unguwa, a buga kowa ya gani, a sa musu shinge na doka. Abin da jama'a suka san da shi yana da wuyar ɓacewa cikin dare.

Mu kuma kada mu zauna jiran gwamnati, don kaka ba ta jira. Nan da 'yan makonni ƙura za ta rufe gari. Wanda yake da keke a rataye ya sauko da shi, ya kai wa mai gyara ya sa masa mai a kaca, ya duba birki. Wanda yake da yaro ya fitar da shi layin unguwa da safe ya riƙe masa sirdi har ya iya, kamar yadda wani ya riƙe mana. Wanda ba shi da keke ya taka da ƙafa. Wanda kuma yake da mota, Alhaji don girman Allah, in ka ga mai keke ka ba shi tazara, ka rage gudu, ka jira daƙiƙa biyar. Ba za ka makara ba. Wataƙila mahaifin wani ne, wataƙila malamin da ya koya maka karatu ne.

Ni dai in Allah Ya kai mu Asabar, ƙarfe bakwai ina bakin Dandalin Murtala da tsohon kekena da yarana biyu. Wanda ya ga zai iya, ya zo mu zaga tare. Ba ƙungiya ba ce, babu kuɗin fom, babu siyasa.

Dattijon nan kuwa, jiya na sake hango shi a daidai wurin, ya ɗaure gwiwa da ƙyalle, yana tuƙi a hankali, ya ƙara matsawa bakin lambatu fiye da da. Ga amsar da ban samu damar ba mai jif ba: e, titin nan na keke ne. Da harajin Baba aka yi shi, kamar yadda aka yi da naka.

Wanda bai yarda da ni ba, ga fili nan a ƙasa, a yi gardama cikin mutunci ban da zagi. Wanda ya yarda ya tura gaba har ya kai inda ake so. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.